Paul Ekman da Tarihin Binciken Gano Maƙaryaci ta Fuska

Paul Ekman masanin halayyar ɗan Adam ne Ba'amurke, an haife shi a birnin Washington a 1934, ya kuma koyar a Jami'ar California da ke San Francisco daga 1972 zuwa 2004. Sunansa ya fita ne a kan tambaya guda: shin fuska tana tona asirin mai ƙarya? Bahaushe ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. Ekman ya kwashe shekaru yana gwada irin wannan magana da kyamara da lissafi.

Aikin ya faro ne a asibitin masu taɓin hankali cikin shekarun 1960. Likitoci na neman hanyar gane majinyacin da ya ce ya samu sauƙi, alhali so yake a sallame shi ya je ya kashe kansa. Ekman yana da fim ɗin wata mata mai shekara 42, wadda ya sakaya sunanta ya kira ta Mary. A fim ɗin tana roƙon likita ya bar ta ta je gida hutun ƙarshen mako, fuska a sake, murya garau. Daga baya ta faɗa da bakinta cewa ƙarya ta yi. Shi da abokin aikinsa Wallace Friesen suka yi ta maimaita fim ɗin, suna rage masa gudu, har suka zo wurin da likita ya tambaye ta me take shirin yi nan gaba. Baƙin ciki ya gilma a fuskarta kamar ƙiftawar ido, murmushi ya biyo baya ya rufe shi. Masu bincike Haggard da Isaacs sun riga su ganin irin wannan gilmawa a 1966, amma Ekman ne ya ɗaura ta da ƙarya.

A 1967 da 1968 ya je wurin mutanen Fore a tsaunukan Papua New Guinea, waɗanda ba su saba da baƙi ba. Sun gane fushi da ƙyama da murna da baƙin ciki a hotuna, sai dai sukan rikita tsoro da mamaki. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin Darwin na 1872 cewa yanayin fuska gadon ɗan Adam ne. A 1978 shi da Friesen suka fitar da tsarin FACS, wanda ya ba kowane motsin fuska lamba: 12 ita ce jan gefen leɓe sama, 6 kuma ɗaga kunci har gefen ido ya tattare. Masu fina-finan zane da masu kwamfuta suna amfani da shi har yau, kuma shi ne aikinsa mafi ƙwari.

Gwajinsa da ya fi shahara shi ne na ɗalibai mata masu koyon jinya. An nuna musu fim ɗin yanke gaɓa da na ƙuna, aka ce su gaya wa mai tambaya cewa abu mai daɗin kallo suke gani. A 1991 shi da Maureen O'Sullivan suka nuna bidiyon matan ga mutum 509 don su gano masu ƙarya, ciki har da alƙalai da 'yan sanda da likitocin ƙwaƙwalwa. Jami'an da ke tsaron shugaban Amurka ne kaɗai suka yi abin kirki, da kashi 64 cikin 100. Sauran ba su wuce canki-canka ba.

Abin da ya fi cancanta a riƙe daga littafinsa Telling Lies na 1985 shi ne gargaɗin da ya kira kuskuren Othello, daga wasan kwaikwayon Shakespeare: miji ya ga tsoro a fuskar matarsa ya ɗauka laifi ne, alhali tsoron kada a ƙi yarda da ita ne. Fuska na iya nuna tsoro, amma ba ta faɗin dalilinsa. Nazarin Bella DePaulo na 2003 ya nuna kawar da ido ba alamar ƙarya ba ce, kuma duk wanda ya tashi inda yaro ke sunkuyar da kai gaban babba don kunya ya san zaluncin da ke cikin wannan zato.

Duniya ta fi son alkawarin gano maƙaryaci ta fuska a kan gargaɗin. Hukumar tsaron sufuri ta Amurka ta baza jami'an karanta fuska a filayen jirgin sama daga 2007, an kuma yi shirin talabijin Lie to Me bisa aikin Ekman daga 2009 zuwa 2011. Amma tun a 2006 masu bincike Bond da DePaulo sun tattara bincike 206, suka ga mutane na cin kashi 54 ne kawai wajen bambance ƙarya da gaskiya. A 2008 masu bincike Porter da ten Brinke suka gano gilmawar ba ta cika faruwa ba, kuma tana bayyana ga mai gaskiya ma. A 2013 ofishin bin diddigi na majalisar Amurka ya ce an kashe kusan dala miliyan 900 a shirin filayen jirgin ba tare da hujjar kimiyya ba.

Yanzu masu bincike irin su Aldert Vrij sun karkata ga magana: a sa wanda ake zargi ya ba da labarinsa daga ƙarshe zuwa farko, sannan a gwada abin da ya faɗa da shaidun da ke hannu.