Ma'aunan hulɗar ƙwayoyin zarra a kwaikwayon kwamfuta

Kafin kwamfuta ta kwaikwayi motsin ƙwayoyin zarra, sai an tsayar mata da lissafin ƙarfin da ke janyo su ko ture su. Mafi shahara shi ne tsarin Lennard-Jones, wanda ya samo asali a 1924. Ma'aunansa biyu ne: sigma, mai nuna girman ƙwaya, da epsilon, mai nuna ƙarfin jan.

Aikin yana tsananta idan sinadarai suka yawaita, domin kowane haɗi na ƙwaya biyu yana buƙatar nasa ma'aunin. Sinadarai uku na ba da haɗi 6, biyar kuwa 15.

Don sauƙaƙawa, akan bi ƙa'idojin Lorentz na 1881 da Berthelot na 1898: a tara sigma biyu a raba gida biyu, a ninka epsilon biyu a ɗauki tushen murabba'insu. Wannan kintace yana ɗan gamsarwa ga iska irin argon da krypton, amma ba ya wadatar da ƙarafa. Su akan yi musu amfani da tsarin EAM, wanda Daw da Baskes suka bayyana a 1984, inda ake daidaita ma'aunan dukkan sinadaran tare.

Haɗarin shi ne, manhaja irin LAMMPS na iya kammala lissafi da ma'aunan da ba su dace ba, ba tare da gargaɗi ba. Saboda haka wajibi ne a gwada sakamakon da awon ɗakin gwaji, kamar zafin da ƙarfen ke narkewa.