Agadez: garin da baƙi suka cika, suka watse

Duk wanda ya ga hoton hasumiyar masallacin Agadez, mai tsawon mita 27, sai ya ji kamar ya tattara kaya ya koma can. Kakanninmu ma sun koma, amma fatauci ne ya kai su. Ayarin raƙuma na ɗauko gishirin Bilma zuwa Kano, har Hausa ta zama harshen kasuwar garin. Mu ma a Kano muna da unguwar Agadasawa.

A shekarun 1980 kasuwa ta sauya. Turawa 'yan yawon buɗe ido suka riƙa sauka don ganin duwatsun Azbin da rairayin Tenere, ga tseren motocin Paris-Dakar na ratsawa. Direbobi, masu otal da maƙeran azurfa suka samu abin yi.

Tawayen Abzinawa na 1990 ya rage baƙin, na 2007 ya ƙarasa su. Ko da UNESCO ta sa tsohon garin cikin kayan tarihin duniya a 2013, Turawan ba su dawo ba. Direbobin da suka saba kai su kallon rairayi suka koma jigilar masu tafiya Libiya, har dokar 2015 ta hana, aka yi ta kama motoci. Gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamban 2023.