Gidajen Dutse Na Akropong

A kan tuddan Akuapem, arewa da birnin Ankara a ƙasar Gana, akwai wani gari mai suna Akropong. A cikinsa akwai gidajen da suka haura shekara 150, har wa yau kuwa mutane suna zaune a ciki.

Masu bishara na Mishan ɗin Basel sun fara sauka a Osu, a bakin teku, cikin shekara ta 1828. Su huɗu ne, kafin ƙarshen 1831 kuwa dukansu sun mutu. Aka aiko da waɗansu uku a 1832, biyu suka rasu cikin 'yan watanni. Wanda ya ragu, Andreas Riis, shi ma ya sha zazzaɓi ƙwarai, sai wani mai maganin gargajiya ya yi jinyarsa har ya tashi. A 1835 ya hau tudu zuwa Akropong, gama iskar can ta fi lafiya. Sarki Addo Dankwa ya karɓe shi, ya gina gida da dutse da katako, mutanen gari suka laƙaba masa suna Osiadan, wato magini.

Gini ya tsaya, amma shekaru suka wuce ba wanda ya karɓi baftisma. Saboda haka aka nemi taimakon Kirista baƙar fata daga Jamaika da Antigua, suka iso a 1843. Su ma suka gina gidajensu da dutse, a 1848 kuma aka buɗe makarantar horar da malamai da masu wa'azi. Daga baya Mishan ta kafa ma'aikata a Osu inda samari suka koyi gini da kafinta da ƙira.

Fasalin gidajen nan yana da hikima. Tushe da ɗakunan ƙasa na dutse ne, bene na katako, ga baranda mai faɗi kewaye. Dutse yana raba katako da danshi da gara, baranda kuma tana tare ruwan sama kada ya bugi bango.

Duk da haka gidajen dutse na yankin sun ga wahala. A 1854 Ingilishi suka yi wa Osu ruwan igwa saboda rigimar haraji. Girgizar ƙasa ta 1862 da ta 1939 suka tsattsaga manyan gine-ginen Ankara. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya aka kori 'yan Mishan ɗin Basel daga ƙasar, sai ikkilisiya da Mishan ɗin Sikotlan suka gaji gidajen. Amma abin da ya fi cin tsohon tushe shi ne ruwa. Idan indararo ya lalace, ruwa yakan kwanta a gindin bango, ya wanke abin da ya riƙe duwatsu, su soma motsi ɗaya ɗaya.

Magina da yawa sukan gaggauta shafe irin wannan tushe da siminti, nan kuwa ake kuskure. Tsohon gini an ɗaure shi da laka ko ƙasa mai haɗe da farar ƙasa, wadda take barin danshi ya fita. Siminti yakan kulle danshin a ciki, dutse ya riƙa ruɓewa a ɓoye. Gwanin gyara yakan fara da juya hanyar ruwa nesa da gida. Sa'an nan ya tone kaɗan kaɗan, ba ya buɗe tsawon bango gaba ɗaya domin kada ya rufta. Yakan kankare tsohon haɗin, ya mai da kowane dutse mazauninsa, ya cike da haɗin farar ƙasa da yashi, ya ba shi kwanaki ya bushe a hankali.

A 1987 Kwame Bediako da abokan aikinsa suka kafa cibiyar nazarin tauhidi ta Akrofi-Christaller a tsofaffin gine-ginen Mishan na Akropong. Maimakon a rushe su, aka gyara, ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama suna karatu a ciki.

Ikkilisiyoyi da yawa suna da irin wannan gādo: gidan fasto, ko tsohuwar majami'a da kakanni suka ɗauko duwatsunta a ka. Kafin dattawa su yanke shawarar rushewa, ya kamata su zaga gindin bango da damina, su ga inda ruwa yake kwanciya.