Sunan Yanka da Laƙabi a Ƙasar Daura

Wannan takarda za ta dubi yadda sunayen Hausa na asali suka tsira bayan zuwan Musulunci, musamman a Babban Mutum da kewayenta cikin ƙasar Ɓaure.

Tun a labarin Bayajida ake ganin suna magana ce. An ce ƙwarƙwararsa ta haifi ɗa ta sa masa Karɓagari, da Daurama ta haifi nata sai ta kira shi Bawo, wato a mayar mata da garinta. Ko labarin tarihi ne ko tatsuniya, ya nuna Bahaushe yana ajiye labari cikin suna.

Da Musulunci ya kafu, sunan da liman ke raɗawa ran bakwai ya koma na Larabci, harshe kuma ya tanƙwara shi: Abdullahi ya zama Audu, Ibrahim ya zama Iro. Hatta su Ladi da Talatu da Jummai, waɗanda ake ɗauka Hausa ce tsantsa, daga sunayen ranakun Larabci suka fito.

To, me ya raya su Tanko, namijin da ya biyo mata, da Kande, macen da ta biyo maza, da Nomau, ɗan lokacin noma? A ganina kunya ce. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, haka kuma ba a kiran yaron da ya ci sunan kakansa da sunan yanka, dole a nemi laƙabi. Sai dai rajistar makaranta sunan yanka take rubutawa, shi ne kuma ke bin yaro har takardar shaidarsa.