Labarin Kifin da Aka Ɗauko Don Ya Ci Sauro

Kai da ka zo ɗakin magani yau kana jiran a kira ka, ga wani labari ka karanta, ka kuma karanta wa na kusa da kai, musamman in manomin shinkafa ne.

A da mutane ba su san abin da ke kawo zazzaɓi ba. Waɗansu su ce iskar fadama ce, waɗansu su ce sabon ruwa. Sai a shekarar 1897 wani likita Bature, Ronald Ross, yana aiki a ƙasar Indiya, ya fede sauro ya ga ƙwayar cutar a cikinsa. Daga nan aka tabbata sauro ne ke ɗaukar ta daga jinin wannan ya kai wa wancan. Tamatar ce ke cizo, a kwantaccen ruwa kuwa ta ke yin ƙwai. Ƙwan ya zama tsutsa, cikin kwana goma ko ƙasa da haka tsutsar ta yi fiffike ta tashi. To, gonar shinkafa ruwa ne kwance wata da watanni, ba kuwa mai cewa a daina noman shinkafa. Saboda haka masana suka shiga neman abin da zai cinye tsutsar tun tana ruwa.

A kudancin Amurka suka sami wani ɗan kifi, ana ce da shi gambusiya. Bai kai tsawon yatsanka ba, ba ya yin ƙwai, haihuwa ya ke yi, kuma a saman ruwa ya ke kiwo, daidai inda tsutsar sauro ke shan iska. A 1905 aka ɗebe shi daga jihar Tekzas aka kai tsibiran Hawai. A 1921 aka kai irinsa Sifen, a 1922 Italiya. Kafin a jima ya bazu ƙasashe da yawa, ana zuba shi a lambatu da kududdufi da gonakin shinkafa. A wurare da dama kuwa ya rage sauro.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai magungunan feshi suka fito, irin su DDT, aka ɗauka an gama da sauro, aka rage kula da kifi. A nan ƙasarmu ma an gwada. A 1954 aka fara fesa ɗakunan kwana a yammacin Lardin Sakkwato, wajen Birnin Kebbi. Shekara guda kawai, a 1955, aka tarar da sauron da wani maganin, mai suna dieldrin, ba ya kashewa. Ka ga, guba kaɗai ba ta isa ba.

Shi ma baƙon kifin ashe yana da nasa aibi. Ba tsutsar sauro kaɗai ya ke ci ba. Yana cin ƙwan kifin ƙasar da ya sauka, da 'ya'yan kwaɗi, har da ƙwarin ruwa waɗanda su ma sauro su ke farauta. Yau an lissafta shi cikin halittu 100 da suka fi ɓarna in an kai su ƙasar da ba tasu ba.

Abin da aka tafi nesa nema kuwa yana nan cikin gona tun asali. A shekarun 1970 an bincika gonakin shinkafa kusa da Kisumu a ƙasar Kenya. Aka ga cikin tsutsar sauro 100, fiye da 90 ba su kai ga tashi. Da yawa daga cikinsu cinye su a ke yi: 'ya'yan mazari da ke zaune cikin ruwa, da sauran ƙwarin ruwa, da gizo-gizon da ke tsare da bakin kunya. Da aka fesa gonakin, sauro da masu cinsa suka mutu tare, amma sauro ya riga su dawowa, ya tarar ba mai tsaro. Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Saboda haka ga abin da a ke so ka riƙe. Kada ka fesa wa shinkafarka magani don kurum maƙwabcinka ya fesa, sai malamin gona ya duba ya ce da bukata. Kada ka wanke tankin feshi a cikin ruwan fadama. Ƙananan kifin da ruwa ya shigo da su gona, ka hana yara kwashe su duka. In za ka janye ruwa, ka bar musu rami mai zurfi a gefe su fake.

Amma fa kada ka ce kifi da mazari sun ɗauke maka aiki. Makonnin farko bayan dashe, sa'ad da rana ke dukan ruwan, su ne lokacin da sauron zazzaɓi ya fi yawa, masu cinsa kuwa ba su taru ba tukuna. Kowa a gidanka ya kwana cikin gidan sauro, musamman yara ƙanana da mata masu ciki. In jikin yaro ya yi zafi, kada ka bari a kwana. Kawo shi nan a gwada jininsa, maganin da aka ba ka kuma a shanye shi duka, ko da ya ji sauƙi.

Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.