Yadda yunwa da firgici ke barin alama a ƙwayoyin gadon yaro

Kowane yaro yana gadon ƙwayoyin halitta kusan 20,000 daga uwa da uba, kuma rubutun da ke cikinsu, wato DNA, shi ne zai rayu da shi. Amma ba dukkansu ke aiki lokaci guda ba. Jiki yana manna wa wasu ƙananan sinadarai, irin su metil, sai su yi shiru, ya bar wasu a buɗe. Nazarin waɗannan alamomi ake kira efijenetik, sunan da masanin Birtaniya Conrad Waddington ya ƙirƙira a 1942. Abincin mai ciki, da tashin hankalin da jariri ya taso a ciki, suna iya sauya inda alamomin ke sauka.

An ga haka a Holan. A sanyin 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus suka toshe hanyar abinci zuwa yammacin ƙasar. Waɗanda aka ɗauki cikinsu a wannan yunwa sun girma da yawan ƙiba da ciwon zuciya. A 2008, bayan shekara 60, aka gano metil ɗin da ke kan ƙwayar IGF2, mai kula da girman ɗan tayi, bai kai na ’yan’uwansu da yunwar ba ta shafa ba.

Binciken Keneba a Gambiya ya fi kama da rayuwar da muka sani. Can ma damina ce lokacin da rumbu ke ƙarewa, ga aikin gona ya yi wa mata yawa. Sakamakon da aka fitar a 2014 ya nuna cewa jariran da aka ɗauki cikinsu da damina sun bambanta da na rani a alamomin wasu ƙwayoyi, kuma bambancin ya bi sinadaran abinci da ke jinin uwa tun farkon ciki, kafin ita kanta ta tabbatar tana da shi.

Batun firgici kuwa daga ɓeraye aka fara fahimtarsa. A 2004 Michael Meaney da Moshe Szyf na Jami’ar McGill a Kanada suka nuna cewa ’ya’yan ɓeran da uwa ke yawan lasa a makon farko suna girma da natsuwa, domin ƙwayar da ke taimaka wa ƙwaƙwalwa saukar da sinadarin firgici tana buɗe a jikinsu. Da aka ba uwa mai kulawa ’ya’yan wadda ba ta kula, sai suka taso kamar nata. A ɗan Adam sunan wannan sinadari kotisol. Tashinsa na ɗan lokaci, kamar ranar allurar rigakafi, ba ya cutarwa. Mai illa shi ne tsoron da ke daɗewa ba mai rarrashi: duka kullum, rigimar iyaye, ko gudun hijira irin wanda ya cika sansanin Minawao a arewacin ƙasar nan.

A Briqueterie, inda gida ɗaya kan ɗauki iyalai da yawa, faɗan ɗaki guda kowane jariri a tsakar gida yana jin sa. Sai dai cunkoson yana da rana: uwa na kasuwar Mokolo, kaka ko maƙwabciya ta goya yaro. Irin wannan babba da yaro ya saba da shi ne ke saukar masa da kotisol.

Likitoci sun fi mai da hankali kan kwana 1,000 na farko, wato watannin ciki da shekara biyu na shayarwa, waɗanda Suratul Baƙara ma ta ambata. Muna ganin kuskure ne a jibga wa uwa laifi, alhali cefane da zaman lafiyar gida ba a hannunta kaɗai suke ba. Maganar cewa alamomin na wucewa har jikoki kuwa, mafi yawan hujjarta daga tsirrai da dabbobi ta fito.