Triclosan: yadda sinadarin man goge baki ke raunana tantanin ƙwayoyin cuta

Kowace ƙwayar bakteriya tana rufe ne da wani siririn tantani mai ruɓi biyu, wanda aka gina da maiƙo. Shi ke riƙe abin da ke cikinta, shi kuma ke tantance abin da zai shiga ko ya fita. Sinadaran kashe ƙwayoyin cuta da ake zubawa a man goge baki, galibinsu wannan tantani suke hara, kuma wanda ya fi jawo muhawara a cikinsu shi ne triclosan.

Shekaru da dama an ɗauka cewa triclosan yaga tantanin kawai yake yi. Da yake sinadari ne mai ƙin ruwa, mai son maiƙo, yakan kutsa tsakanin ƙwayoyin maiƙon ya ɓata jerinsu, har abin da ke ciki ya fara yoyo. Hakan na faruwa idan an zuba shi da yawa. Sai a 1998 masu bincike a Jami'ar Tufts ta Amurka, ƙarƙashin Stuart Levy, suka nuna cewa ko ɗan kaɗan ne yana toshe wani enzayim mai suna FabI, wanda bakteriya ke buƙata wajen ƙera maiƙon da take gina tantaninta da shi. In babu maiƙo, babu sabon tantani, ƙwayar kuma ba za ta hayayyafa ba.

Wannan gano shi ya tayar da hankali. Maganin da ke da kafa guda ta kai hari, ƙwayar cuta na iya koyon kauce masa, ta hanyar sauya fasalin enzayim ɗin ko tunkuɗo sinadarin waje. Bugu da ƙari, ƙwayar tarin fuka tana da ɗan'uwan FabI mai suna InhA, wanda shi ne maganin isoniazid ke hara. Gwaje-gwajen ɗakin bincike kuma sun nuna triclosan na iya dagula tantanin mitokondiriya, ɓangaren da ke samar wa ƙwayoyin jikinmu kuzari.

Amfaninsa dai ba ƙarya ba ne. Nazarin Cochrane na 2013 ya gano cewa man da ke ɗauke da shi yana rage dattin da ke manne wa haƙora da kumburin dasashi da kusan kashi 22 cikin ɗari. A kan irin wannan hujja hukumar abinci da magunguna ta Amurka, wadda ta amince da Colgate Total a 1997, ta ƙyale man goge baki sa'ad da ta haramta triclosan a sabulun wanke hannu a 2016. Wato abin da aka hana a shafa a fata, an bar shi a baki. Kamfanin Colgate da kansa ne ya cire shi daga wannan man a 2019, ya maye gurbinsa da stannous fluoride.

Dokokin ƙasashe ba ɗaya ba ne, kuma kayan da ake shigowa da su kasuwa daga wurare daban-daban suke fitowa. In akwai shi, za a ga sunansa rubuce a jerin sinadaran da ke jikin kwalin, yawanci bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba.